Toka a Fuskar Madubi

Gwandu,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sauke ka Kalgo lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da direba mai gyangyaɗi, ya haɗa ka da maƙwabta masu mutunci da rijiya mai daɗin ruwa. Wannan canjin wurin aiki da aka yi maka tun da aka ba mu sabuwar jiha, Allah ya sa ɗaukaka ce, amin.

Na san za ka yi mamakin samun takarda a cikin ƙullin ƙuli-ƙulin da na cusa maka a jaka. Ni na rubuta da hannuna. In ka ga wani harafi ya kwanta, wani ya zabura kamar an taka masa wutsiya, ka yi haƙuri, iyakar abin da ajin yaƙi da jahilci ya bar mini ke nan. Kai malamin makaranta ne, to ka ajiye jan bironka, ba maki nake nema ba. Da sai in kira wani ya rubuta mini, amma maganar ba ta kunne na uku ba ce.

Maigidana, gobe da safe za ka tafi da akwatinka da katifarka da bututun nan naka na duban taurari, ka bar matarka Luba a ɗakina. Ka ce wa mutane ɗaki ne bai samu ba a can. Su sun yarda. Ni kuwa ni na goyi ubanka, na san ƙaryar gidan nan tun kafin ta yi haƙori. Wata biyu ke nan ba abin da kake ce wa yarinyar nan in ban da "lafiya lau" da "ajiye nan", kuma na san a kan madubin bututun ne. Can maganata ta nufa. Sai dai ka san tsohuwa ba ta bin hanya miƙe, sai ta ratsa gonaki, saboda haka ka gyara zama.

Bari in fara daga ranar ciniki, don a nan na fara ɓata maka. Ka tuna malamin nan Ba'indiye da ya koyar da kai a sakandare, da zai koma ƙasarsu ya fito da kayan gidansa yana sayarwa. Ka dawo gida jikinka na rawa, ka ce akwai abin hangen taurari a cikin kayan, ƙafarsa ɗaya ta karye, wuyansa kuma ya ƙi juyawa, don haka ya ce zai yi maka ragi. Na ce kai ba ka iya ciniki ba, fuskarka ita ke faɗin abin da ke aljihunka, tare za mu je. Na ɗauki mayafi na bi ka.

Da na ga abin sai na riƙe baki. Bututun ƙarfe fari, tsawonsa kamar taɓarya, faɗinsa kamar bakin tulu, an jingine shi a bango. Na ce, "Wagga igwa za ka kai mini gida?"

Ba'indiyen ya yi dariya, da Hausarsa ta 'yan koyo ya ce, "Mama, ba harbi. Gani kawai."

Na ce, "To abin da ba ya harbi, ba a tatsarsa, ba ya ɗaukar kaya, ga shi kuma gurgu, nawa za ka ba mu mu raba ka da shi?"

Ka dinga zungurina, na ƙi kula ka. Na taya, ya ce albarka. Na juya kamar zan tafi, ya kira ni. Haka muka yi ta yi har bawan Allah ya gaji ya sallama a kan rabin abin da ya fara faɗa. Sai ya ɗauko wani akwatin katako mai soso a ciki, da murfin roba na toshe bakin bututun, ya ce tunda Mama ta matse shi haka, waɗannan sai an ƙara ɗan abu kaɗan. Ka ce a biya. Na ce atafau. Na ce akwati muna da shi, murfi kuwa faifai ma ya isa. Na ja hannunka muka fito, ina jin kaina kamar wadda ta cinye kasuwar Jega ita kaɗai.

Abin da ya biyo baya ka sani. Faifai bai hana ƙura shiga ba, bai hana hayaƙin murhuna ba, har zanzaro ya samu ƙofa ya yi gini a ciki. Da ka koma neman akwatin, ka tarar wani direba ya saye yana zuba kayan gyaran mota. To ga abin da zan ce maka. In mutumin da ya fi ka sanin kaya ya ce wannan yana tafiya da wannan, ka saurare shi ko da tsohuwa na jan rigarka. Kuma ciniki ba kokawa ba ne. Ni ban je can don in saya maka abin kirki ba, na je ne don ka ga na iya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ce tana ma tuɓe wa mutum wanda yake da shi.

Sai zancen ƙafa. Ka kai wa Ɗanjumma mai walda wuyan abin, ya haɗa shi da wani ƙarfe da ya ciro daga tsohon keke, ya sa masa mai, har ya zama yana juyawa sama da ƙasa, dama da hagu, ba ƙara. Ƙafar da ta karye kuwa kafinta ya feƙe maka wata da itacen maɗaci. Ka kafa shi a tsakar gida bayan magariba, ka nufi wata, kafin ka kai ido sai ya sunkuya kamar mai neman allura. Ka ɗaure shi da robar taya, ya sunkuya. Ka tokare da dutse, ya karkace. Kwana huɗu kana ambaton Ɗanjumma da sunayen da ba su liman ya raɗa masa ba. Ni ina kan tabarma ina tsinkar zogale, ina kallon ikon Allah.

Rana ta biyar na ce, "Maigida, wanga abu ƙafa uku gare shi kamar murhu. Kawo mini tasa da ruwa."

Ka ce, "Inna, don Allah ki bar ni da abin da ke damuna."

Na ce, "Kawo dai. In ban yi magani ba ka sake ni."

Na ɗora tasar a inda ƙafafun uku suka haɗu, ruwa ya gangara ya taru gefe guda. Na ce ga mai laifi nan, sabuwar ƙafar ta fi 'yan uwanta tsawo, nauyi duk ya koma kan wuya. Ka sa zarto ka rage yatsa biyu, ka haƙa wa kowace ƙafa gurbi ka dasa mata tubali, ruwan tasa ya kwanta sumul, bututu ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Ka dube ni ka ce, "Inna, ina kika koyi wannan?" Na ce maka a jami'a. Ka yi dariya, na bar shi a haka.

Gaskiya da asara na koya. Shekarar da aka kawo ni gidan nan daga Ceberu, kakanka, Allah ya jiƙansa, yana ɗora sabon rumbu a kan duwatsu. Ya ce ɗaya daga cikin duwatsun ya gaza sauran, sai ya je ya nemo wani. Ni kuwa amarya mai rawar kai, so nake a ce rumbun mijina ya riga na kowa tashi a unguwa. Na dame shi, na ce a cusa ɓaraguzan tukunya a ƙarƙashi, wa zai leƙa? Ya biye mini. Damina ta biyu ruwa ya jiƙa ƙasa, muka wayi gari rumbu ya kwanta, geronmu na shekara a cikin laka. Dangi ne suka riƙe mu har kaka. Malam kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini "ke kika sa" ba, ko da wasa. Sunansa ka ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiranka da shi, to ka duba ko ka ci wannan halin ma.

Saboda haka in ka isa Kalgo kada ka kafa bututun ranar da ka sauka. An ce ƙasarsu ta fadama ce, tana da laushi. Ka zaga gidan, ka taka wuri da dugaduganka, ka sa tubali, ka auna da tasa. Kwana uku ba za su sa wata ya gudu ba.

Ranar da abin ya tsaya, ni ka fara kira, ban manta ba. Na kai ido, na ja da baya na yi salati. Shekaru ina nuna wa yara wata ina shirya musu ƙarya a kansa, ashe duk jikinsa ramuka ne kamar tandar masa. Sannan ka juya ka nuna mini wani tauraro da ya ɗaura gammo a ƙugu. Na ce wannan ko mahaukaci ne, gammo ai a ka ake sa shi. Luba ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kai ma ka yi. Ina faɗa maka ne don ka tuna tana dariya a gidan nan.

Daga nan kuma shaiɗan ya shiga. Wata rana kana makaranta, na ce bari in ga abin da igwar nan za ta iya da rana. Na kama wuyanta na sauke, na nufi soron maƙwabcinmu Alhaji mai goro. Ina sa ido sai ga matarsa, kai a ƙasa ƙafafu a sama, ta maƙale a jikin soro kamar jemage. Na ƙwalla ihu, "Jama'a ku tare ta!" Luba ta fito da gudu daga madafi da muciya a hannu. Da na ɗaga kai na duba da idon da Allah ya ba ni, ga baiwar Allah can tsaye lafiya lau tana shanya. Daga baya ka ce mini haka abin yake, komai a kife yake nunawa, ba lalacewa ya yi ba, a sama babu ruwan kowa da inda kai yake.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Na sake leƙawa. Abin da take shanyawa nama ne, jere reras a kan igiya, alhali da safen nan ta rantse mini rabonsu da nama tun layya. Baki kuwa ka san nawa. A wurin wani suna, mata cike da ɗaki, na ce, "Wasu dai a ƙasa suke kukan babu, a sama suke shanyar akwai." Matar Alhaji, da ke cikin ɗakin, ta ce wa nake nufi, kuma ta yaya na gani? Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa bututunka yana huda katanga yana ganin matan mutane. Kai ka je zauren Alhaji ka durƙusa kana ba da haƙuri a kan laifin da ba naka ba, har sai da ka ɗauko abin ka sa shi ya leƙa da kansa.

Wannan a garinku ne, inda aka san ubanka da kakanka. A Kalgo kai baƙo ne. Kafin ka fito da shi ka je ka gai da mai unguwa da liman, ka gayyace su su fara sa ido. Kada bakinsa ya taɓa sauka ƙasa da kan katanga. Kada ka bar kowa ya nufi rana da shi, kai ka nuna mini yadda takarda ta kama hayaƙi a bakinsa. In kuma lokacin duban watan azumi ya yi ka riga kowa gani, ka je ka raɗa wa liman a kunne, kada ka tsaya a fili kana ihu gaban dattawan da suka tsufa suna duba da idonsu.

To, gonakin sun ƙare, ga mu a bakin hanya. Na tashi na sha ruwa sau biyu kafin in rubuta abin da ke tafe.

Ka tuna Asabar ɗin da ka ce babban madubin da ke gindin bututun ya yi dusu-dusu, za ka wanke shi. Ka kwance notuna uku, ka zaro shi a hankali kamar jariri, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin ɗakinka ka kwantar da shi, ka kife masa kwano. Ka tsaya a tsakar gida ka ce, "Kada kowa ya taɓa." Ka ce za ka Birnin Kebbi neman audugar asibiti da ruwan batir, wai su kaɗai ake wanke shi da su. Ka fita.

Luba tana daka a bayan ɗaki. Ni na shiga ɗakinka neman almakashi. Na ga kwano a kife, kai kuma ka san ni da abin da aka kife. Na ɗaga. Sai ga fuskata ta cika madubin, ƙatuwa, hancina kamar turmi. A samansa kuwa wani hazo ne, hayaƙin murhuna da kashin ƙuda, duk abin da faifan da na zaɓa ya bari ya shiga. Raina ya ce, dubi yaron nan zai ƙona kuɗin mota a kan aikin da nake yi wa tasoshina kowace safiya. Ya kuma ce, ke kika hana a sayi murfi, to ga ranar da za ki wanke laifinki, ya dawo ya tarar abinsa na walƙiya. Na je murhu na ɗebo toka mai laushi, wadda na tankaɗe, na jiƙa soso, na dawo na kama gefen madubin na fara gogewa.

Duk madubin da na sani a duniya, na jikin sif ɗin kaya da na hannu da na wanzamai, azurfarsa a baya take, gilashi ya rufe ta. Ko da yashi ka goge fuskarsa ba abin da zai same ta. Wa ya gaya mini naka a kan fuska aka shafa masa ita, siririya kamar yanar madara? Na goga, wurin ya yi duhu. Na ce datti ne ya kama, na ƙara ƙarfi. Sai da na ga zaren farin ƙyallen ta cikin gilashin, wuri kamar faɗin yatsu uku, sannan na tsaya da soson a hannu.

Daidai nan Luba ta ɗaga labule. Ta ce, "Inna! Mi kike yi?" Ta kama hannuna, ta karɓe soson, ta ɗauki madubin tana hura tokar tana sharewa da bakin zanenta. Ba mu ankara ba sai ga sallamarka a zaure. Ashe ka samu audugar da ruwan a kemis na bakin tasha, ba ka je ko'ina ba. Ta dube ni ta ce a hankali, "Inna, tafi ki wanke hannu." Ni kuwa, tsohuwa mai furfura, mai jikoki, na tafi. Na sulale na tsaya a bayan zana.

Daga nan na ji komai. Ka ce, "Luba, mi na ce kafin in fita?" Ka ce, "Ke kurma ce? Toka? Toka kika sa masa kamar gindin tukunya?" Sannan ka faɗi wadda har yau take yi mini amo a kunne, ka ce wanda bai san darajar abu ba ba a ba shi ajiyar komai, ba a kuma tafiya da shi ko'ina. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka yi haƙuri."

Ina tsaye da toka a ƙarƙashin farcena. Na ce bari ya huce, da la'asar in gaya masa. La'asar ta zama gobe. Gobe ta zama Juma'a. Da abin ya ishe ni na kira ta ɗaki na ce yau zan faɗa. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata ta ce, "Inna, don girman Allah ki bari. In da ni yake fushi, miji ne, zai huce. In ya ɗaga miki murya a cikin zafin rai, ba zai yafe wa kansa ba har ya mutu."

Ka ji. Kara ta yi mini, ta kuma yi maka. Ta ɗauki laifin babba ta ɗora a kanta don kada babba ya ji kunya, don kada kai kuma ka yi abin da za ka yi nadama. Haka aka tarbiyyantar da ita a gidansu a Malisa, Allah ya saka wa uwarta. Amma kara abu ne da ake miƙawa, mai hankali kuma ya ce a'a, na gode, mayar da abinki. Ni sai na karɓe na ci, don ta yi mini daɗi. Wata biyu ina ci. Ina kallo tana kawo maka abinci kana nuna mata ƙasa da baki, ina kallo kana fito da bututu kana kiran yaran maƙwabta su leƙa, ita tana ɗaki. Babban da ya karɓi karar yaro ya zauna a kai har tsawon haka, ba kunya ke gare shi ba, tsoro ne. Na faɗa da bakina don kada wani ya riga ni.

Madubin ka yi masa magani cikin kwana uku. Ka wanke sauran da ruwan batir, kana jan auduga a kai ba dannawa, ka jingine shi ya tsane. Wurin da na kankare ka shafe shi da tawadar allo don kada ya watsa haske, ka mayar, ka yi ta murɗa notunan nan uku har wata ya dawo. Ka ce ya ɗan rage haske amma ba laifi. Na ji da kunnena ka ce ba laifi. Na ce a raina, to ga gilashi an yafe masa, saura mutum.

Ba kuma yau na fara ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Muna yara a Ceberu na bar ƙofar garke a buɗe, awaki suka shiga gonar wake suka yi ɓarna. Ƙanwata Kulu aka gani kusa da wurin, ita aka daka. Tana kuka tana kallona, ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Na ce in mun girma zan roƙe ta gafara mu yi dariya. Aka yi mata aure can ƙetaren gulbi, haihuwar fari ta tafi da ita. Yau shekara hamsin da wani abu ina yi mata addu'a, amma kalma biyun nan, "gafarce ni", ba ta ji su daga bakina ba. Don haka in ka yi wa mutum laifi, ko ka bari aka yi masa saboda kai, kada ka jira ranar da za ta yi daɗin faɗa. Ba ta zuwa.

Kai ma ga naka, kada ka ce don na tona kaina ka fita. Ka shigo ka ga toka a hannun yarinya ka yanke hukunci. Ba ka ce wa ya yi ba. Mutum uku ne a gidan nan, kuma ka san wace ce a cikinmu ba ta iya ganin kwano a kife ta wuce. Ko da ma ita ce ta yi, wata biyu a kan yatsu uku na gilashi? Yaran da za ka koyar a Kalgo za su fasa maka abin da ya fi wannan. Ka riƙa tambaya kafin ka buɗe murya, kuma in mai shiru ya ce maka "ka yi haƙuri", ka sake duban fuskarsa da kyau.

Yanzu ajiye takardar nan ka je ka buɗe buhun da ka naɗe bututun. Ka duba cikin safar da kake ɓoye ɗan ƙaramin gilashin nan, wanda ake kafa ido a kai. Goro ne za ka tarar a ciki, ɗaya, fari, ka ci da lafiya. Ɗazu da ka fita sallama da dattawa na yi musanya. Na san in babu shi bututunka makaho ne, sai dai ka zuba masa gero. Gilashin yana ƙulle a bakin zanen Luba. Na ce ta ajiye mini, ba ta tambayi dalili ba, ba ta kuma san na rubuta maka wannan ba.

Ranar Juma'a in an tashi makaranta ka hau mota ka zo. Ka fara da ɗakina. In faɗa za ka yi, ka zauna ta hagu, kunnen nan ya daɗe da yin ritaya, ka zuba masa duk abin da ke cikinka, na cancanta. Ka gafarce ni, mai sunan Malam. Ga su nan na rubuta, in ka zo kuma zan faɗa da baki. Sannan ka tashi ka je wurinta. Kada ka ce mata "ashe", kada ka ce "mi ya sa ba ki faɗa ba". Ka roƙe ta gafara kamar yadda na roƙe ka, ka ce ta haɗa kayanta. Ɗakin Kalgo ko akurki ne zai ɗauke ku.

In kuwa gilashin kaɗai ka zo karɓa, na san abin da za ta yi. Za ta durƙusa ta kwance bakin zane ta miƙa maka da hannu biyu, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba za ta ƙara ko kalma ba. Wannan nake tsoro fiye da faɗanka.

Allah ya tsare mini kai a zaune da tafiye, ya kare ka daga zazzaɓin fadama da bakin mutane, ya sa ɗalibanka su ji maganarka, ya sanyaya zuciyarka. Ya kawo ka Juma'a lafiya, ya ba ni tsawon rai in tsaya a ƙofar gida in ga bayan motar da za ta ɗauke ku, ku biyu. Amin summa amin.

Wassalam. Ni ce kakarka, matarka ta wasa,
Inna Tumba.